Tsohon Gida da Inshora a Ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela

A ƙasashen Turai da Amurka, kamfanin inshora kan tura gwani ya binciki rufi, wayar lantarki da bututun ruwa kafin ya ɗauki nauyin tsohon gida. A Nijar doka ta tilasta inshorar mota, amma ta gida ganin dama ce. Sai dai dokar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta wajabta wa maigida ya amsa tambayoyin kamfani bisa gaskiya. Wanda ya ɓoye aibin gidansa da gangan, yarjejeniyarsa ta rushe, ranar gobara ba shi da diyya.

Shi kuwa bincike, magina sun daɗe da saninsa. Kafin damina sukan hau soro, su ƙwanƙwasa azara ko gara ta cinye cikinta, su buɗe indararo, su duba gindin bango inda ruwa ke ci, sannan a sabunta yaɓe. Masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya gina da laka a 1962, har ya ci lambar Aga Khan a 1986, irin wannan kulawa ce ta riƙe shi.

Simintin Malbaza bai kawar da wannan aiki ba. Idan an shafe bangon laka da siminti, danshi kan ɓuya a ciki, ido bai gani ba, sai bango ya zube. Tsohuwar wayar lantarki ita ma haka take, kuma wannan ba aikin magini ba ne, sai mai gyaran wuta.