New Bell: Kaya kaɗan, barci mai daɗi

A New Bell damina ce ke yi mana ƙidayar abin da muka mallaka. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara. Yuli da Agusta kwatoci kan cika, ruwa ya faɗo ɗakuna. Mai kafet da kujerun kushin ba ya runtsawa. Mai tabarma kuwa naɗe ta zai yi, ya haye gado abinsa.

Shekara uku ke nan ni da maiɗakina muka sayar da kujeru da kabad ɗin kwanuka. Muka biya bashin kanti, ragowar ta tafi kuɗin makarantar yara. 'Yan uwa sun yi tsegumi, wai karayar arziki ce. To, yanzu ɗakin na shan iska, zubin adashe ba ya wuce mu, ba mai buga mana ƙofa da asuba.

Abin da ke damuna shi ne kayan ɗakin amare. Uba ya ciwo bashi a Kasuwar Kongo, ya cika ɗakin haya guda ɗaya, damina biyu ta lalata rabi, bashin kuma yana nan daram. Iyaye, don Allah mu rage. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.