Gargaɗi ga iyaye: Ku daina shafa wa jarirai Funbact-A da ire-irensa

Jama'ar Sanyinna, Tambuwal, Kebbe da ƙauyukan kewaye, musamman masu jego, kakanni da ungozomomi, ku saurara. Abin da aka shafa a fata yana iya ratsawa ya shiga jini.

Likitoci sun daɗe da sanin haka, har suna amfani da shi. Tun 1979 aka amince a Amurka da filastar da ake mannawa a bayan kunne don hana jiri da amai a tafiya. Daga baya aka yi ta masu son barin taba da ta tazarar haihuwa. A 2024 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a Gambiya, inda aka ba yara rigakafin ƙyanda ta wata 'yar filasta mai ƙananan tsinaye, ba tare da allura ba. Amma duk waɗannan an auna su, an san adadin da ke shiga jiki. Wanda ake lakata da yatsa a ɗaka kuwa, wa ya auna shi?

Funbact-A na ɗauke da betamethasone, Skineal kuma da clobetasol. Dukansu sitiroyid ne masu ƙarfi, an yi su don cutar fata takamaimai, na 'yan kwanaki, bisa umarnin likita. Yau sai a sayo a kyamis, a kwaɓa da man kaɗe ko basilin, a mulke jariri daga kai har ƙafa bayan kowane wanka, wai don ƙurajen zafi, ko don ya yi haske. Fatar jariri siririya ce. Idan aka shafa sannan aka ɗaura famfas ko kunzugu, ga gumin bazara, maganin ya fi saurin shiga.

Abin tsoron shi ne, cutarwar tana zuwa da kamar lafiya. Kumatun yaro su cika, fuska ta yi zagaye, dangi suna ta sam barka wai ya yi ƙiba. Alhali tsawonsa ya tsaya, garkuwar jikinsa ta raunana, fata ta yi laushi tana tsagewa. Makero kuma ya ɓuya na ɗan lokaci, ya dawo ya fi da faɗi. Manya masu bilicin su ma ba su tsira ba: nankarwa, hawan jini, ciwon suga, ga rauni ya ƙi warkewa. Man da ke da sinadarin makuri yana lalata ƙoda. Shi ya sa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Idan an kwashe makonni ana shafa wa yaro, kada a tsaya shawara da maƙwabta. A kai shi asibiti yau, a tafi da kwalin man, a faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin, domin yanke shi farat ɗaya bayan doguwar shafa yana iya jefa yaron cikin haɗari. Yaron da ya yi laƙwas, yana amai ko ya ƙi nono, a garzaya da shi Babban Asibitin Tambuwal.

Haka nan kada a kuskura a zuba fiya-fiya ko Sniper a kan yarinya don kwarkwata, domin su ma suna ratsa fata. Manoman fadama kuma, wanda maganin feshi ya jiƙa wa riga ya tuɓe ta nan take, ya yi wanka da sabulu.

Masu kyamis, ku ji tsoron Allah, ku daina miƙa waɗannan mayuka ba da takardar likita ba. Limamai da masu unguwanni, don Allah ku isar da wannan saƙo a masallatai da wuraren suna.