Ɗan Gari da Ilimin Turai: Obi Okonkwo da Takwaransa na Sudan

Gabatarwa

Hausawan da suka zauna a Sudan a kan hanyar aikin hajji, har jikokinsu suka shiga fatauci a wurare irin Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman, sun san tambayar nan: idan dangi suka haɗa kuɗi suka tura yaro karatu, me suke binsa in ya dawo? Wannan takarda za ta duba yadda Chinua Achebe ya ɗauki tambayar a ƙasar Ibo, sannan ta kwatanta shi da marubucin Sudan, Ɗayyib Salih.

Bashin Gari

A littafin No Longer at Ease (1960), ƙungiyar mutanen Umuofia ce ta ranta wa Obi Okonkwo fam 800 domin ya karanto shari'a a Ingila, ya zo ya tsaya musu a rigingimun gona. Shi kuwa sai ya karanto Turanci. Tun daga nan aka sami saɓani. A wurin mutanensa ilimin Obi dukiyar gari ce. A tunanin da ya ɗauko daga Turai kuwa, mutum shi ke da ikon kansa.

Saɓanin ya fi fitowa fili a batun aure. Obi yana son Clara, amma ita osu ce, wato zuriyar waɗanda aka keɓe wa abin bauta, ba a auratayya da su. Abin lura shi ne mahaifinsa Isaac, wanda ya bar addinin gargajiya ya zama mai wa'azin Kirista, shi ma bai yarda ba. Mahaifiyarsa kuma ta ce za ta kashe kanta in ya yi auren tana raye. Obi ya kasa tsayawa, ya rasa Clara, bashi ya yi masa katutu a Legas, daga ƙarshe aka kama shi da cin hancin fam 20.

Takwaransa na Sudan

A Mausim al-Hijra ila al-Shamal (1966), mai ba da labarin ya dawo ƙauyensu a bakin kogin Nilu bayan shekara 7 a Turai, ya kama aikin gwamnati a Khartum. Mustafa Sa'id ya bar masa amanar matarsa Husna da 'ya'ya biyu. Da aka tilasta mata auren tsoho Wad Rayyis, bai hana ba, alhali da ya aure ta da ta tsira. Ta kashe mijin, ta kashe kanta.

Kammalawa

Ɗalibai kan yi gaggawar cewa littattafan nan yabon gargajiya ne da kushe Turai. Wannan karatu bai cika ba. Achebe ya nuna al'adar da ta ɗauki nauyin karatun Obi ita ce kuma ta ƙi Clara. Salih ma bai rufa wa ƙauyensa asiri ba. Ke nan abin da marubutan biyu suka tuhuma shi ne ɗan bokon da ya iya sukar al'ada da baki, amma ranar da ran wani ya rataya a wuyansa sai ya ja da baya. Da wannan ma'auni ya kamata ɗalibi ya koma ga ƙagaggun labaran Hausa masu batun auren dole.