Yawon Tarihi a Kudancin Kaduna: Kufai Sai da Ɗan Gari

Duk wanda ya ga hoton Kajuru Castle karon farko zai ɗauka ya yi ɗaruruwan shekaru a kan dutsen da yake zaune. Ga hasumiyoyi, ga katangar dutse mai kauri, ga kurkuku a ƙarƙashin ƙasa, har da ramin kadoji. Alhali wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, shi ya gina shi a shekarun 1980, yana kwaikwayon gidajen sarakunan yaƙi na Jamus na zamanin da. Akwai dattawa da yawa a Kajuru da suka girme shi. To, matsalar mai yawon buɗe ido a wannan yanki ke nan: abin da ya fi kama da tsoho shi ne sabo, ainihin tsohon kuwa za ka iya taka shi da ƙafa ka wuce ba ka sani ba.

A Turai, mai hali yakan ɗauki jagora na kansa ya zagaya da shi tsofaffin garuruwa da majami'u, amma ko babu jagoran ginin yana nan tsaye, ga allo an rubuta shekarar da aka aza tubalinsa. Mu da ƙasa da ciyawa da itace kakanninmu suka yi gini, ruwan kudancin Kaduna kuma ba irin na Katsina ba ne. Gidan da aka bari damina goma ya zama tudu. Saboda haka a nan jagora ba ƙawa ba ne. In babu shi babu abin gani.

Ɗauki Nok, ƙauyen da ke ƙasar Ham a ƙaramar hukumar Jaba, kusa da Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wurin, aka ajiye ba a ba shi muhimmanci ba. A 1943 sai wani kan ya fito daga wata mahaƙa a yankin Jama'a. Wanda ya ɗauke shi gonar doya ya kai shi, ya kafa don korar ɓarna, kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg, wani jami'in Turawan mulki da ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Fagg ya lura kawunan biyu salonsu ɗaya, ya raɗa wa al'adar sunan Nok, daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. In ka tsaya gaban irin wannan kai, idon ne zai fara kama ka: kusurwa uku gare shi, an huda tsakiyarsa, an huda hanci, ga gyaran gashi tsaf kamar yau aka yi shi.

Masu bincike daga jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, sun fara aiki a yankin a 2005. Sun nuna cewa mutanen sun zauna nan tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna noman gero da wake, daga baya suka iya narka tama. Har alamar zuma an gano a jikin tukwanensu. Yawancin mutum-mutumin kuma a farfashe aka same su cikin ramuka. Amma je ka wurin da aka yi tonon: gona ce, ko daji. Sai manomin da ya saba da ƙasar ne zai duƙa ya ɗauko ɗan katanga mai zane, ko dunƙulen kashin maƙera baƙi mai nauyi, ya ce maka ga shi. Shi ne kuma zai nuna maka ramukan da masu tonon sata suka bari, musamman a shekarun 1990, lokacin da kayan Nok suka riƙa ɓulla a kasuwannin Turai. In jagoranka ya yi tayin sayar maka da wani abu da aka tono, ka san ba jagora ka ɗauka ba, kuma doka ta hana.

Kagoro labarinta a kan dutse yake. Mutanen yankin sun daɗe suna zaune a saman tsauni, inda dokin mahara ba ya iya hawa, a zamanin da ake kai farmakin kama bayi. Mai hawa shi kaɗai duwatsu zai gani da iska mai daɗi. Ɗan gari ne ya san inda aka yi zaman, da wurin da ba a shiga, da dalilin da ya sa. Bikin Afan, wanda ake yi kowace 1 ga Janairu, daga wannan dangantaka da dutsen ya samo asali. Kuma ba za ka daɗe a garin ba sai ka ji sunan Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarauta daga 1945 har 2008.

Kafanchan kanta jirgin ƙasa ne ya raine ta. A 1927 ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Enugu da Makurɗi, daga nan reshe ya nufi Kaduna wani ya nufi Jos. Ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauransu, suka cika garin. Masarautar Jama'a kuwa ta girmi tashar da nisa: wajen 1810 aka kafa ta ƙarƙashin Zazzau, kuma sai a 1933 fadar ta dawo Kafanchan. A nan ne nake ba da shawarar da wasu ba za su so ba: kada ka tsaya ga jagora ɗaya. Abin da za a gaya maka a fadar Sarkin Jama'a game da kafuwar garin daban ne da abin da dattijon ƙabilar Fantswam zai gaya maka, kuma kowannensu gadon labarin ya yi daga iyayensa. Garin da ya ga rikicin addini na 1987 ba wurin da baƙo zai zo yana yanke hukunci ba ne. Ka saurara, ka yi tambaya cikin ladabi, ka riƙe bakinka.

Majami'un yankin ba su kai na Turai tsufa ba, ko kusa. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi a 1910, makarantar Baibul ta Kagoro ta soma a 1931, ita ce ta zama makarantar tauhidi ta ECWA a yau. Katolika suna da babbar majami'ar St. Peter Claver a Kafanchan, wadda ta zama mazaunin bishop a 1995. Ginin ba shi ne abin kallo ba. Ka nemi tsohon katikis ko malamin makaranta mai ritaya ya nuna maka inda ajin farko ya zauna da maƙabartar mishan, ya buɗe maka littafin waƙoƙi na Hausa, don da Hausa aka yi wa'azi ga ƙabilun da kowace take da harshenta.

Wajen zaɓen jagora, kwalin makaranta ba shi ne ma'auni ba. Ka duba ko ana amsa gaisuwarsa a hanya, ko ya san a fara kai ka gaban mai unguwa ko hakimi kafin a hau dutse, ko yana iya cewa ban sani ba. Ku yi ciniki tun kafin ku tashi, kuɗin mota da na masu rakiya a fili. Ya kuma kamata ya kira mutane da sunan da suke kiran kansu, Bajju da Atyap da Ham.

Sai maganar tsaro, wadda ba a wasa da ita. A 2017 an sace Jamusawa biyu masu tono a yankin Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan gari da suka bi sawu. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kashe baƙi biyu a Kajuru Castle. Jagora nagari yakan yi waya da safe ya ji halin da hanya take ciki, in ya ce yau ba a bi ba, kada ka ja da shi. Hawan Kagoro ya fi sauƙi da hunturu. Ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya kuwa, mai zubowa daga kan dutse, ƙarshen damina ya fi cika, amma a lokacin duwatsun gindinsa suna da santsi ƙwarai.