Ranar da tarwaɗata suka fara mutuwa a Kazaure

Yau labarin asarata zan ba ku, ko wani zai tsira da jarinsa.

A bazarar bara, cikin watan Afrilu, ina da tarwaɗa 1,000 a tankin siminti a bayan gidanmu a Kazaure, sun kai wata uku. Wata safiya na leƙa na ga guda bakwai sun juya ciki sama. Na kwashe, na ce ai kiwo ya gaji haka. Washegari ashirin. Nan fa hankalina ya tashi. Wani maƙwabcina ya ce baki ne, wai na cika nuna wa mutane tankin. Wani kuma ya ce in sayo maganin kaji mai ruwan ɗorawa, irin antibayotik ɗin nan, in zuba. Na ruga na sayo, na zuba har ruwan ya canza kala. Kwana na uku na daina ƙirgawa bayan na wuce arba'in.

Sai na kira wani dattijo daga Roni wanda ya daɗe a harkar. Abin da ya ba ni mamaki, da ya zo ko kallon matattun bai yi ba. Hannu ya tsoma a ruwan, ya shinshina, ya ɗebo daga ƙasan tankin ya duba. Sannan ya tambaye ni: yaushe rabonka da canza ruwa, abinci nawa kake ba su, kuma da wane lokaci suke mutuwa?

Kunya ta kama ni. Kwana biyar ban canza ruwa ba saboda babu wuta, man janareta kuma ya yi tsada. A daidai lokacin na ƙara musu abinci don su yi saurin girma in fitar da su. Ya ce, "Ɗana, kifinka ba su da cuta. A cikin fitsarinsu ka bar su."

Ga abin da na fahimta daga baya. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa, wato jajayen nan da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara. Iya yawan abincin da ka zuba, iya yawan amoniyar. Kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai: a zafin digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne. To ku auna da zafin Afrilu na ƙasarmu, tanki a fili ba rumfa. Amoniyar nan idan ta jima takan koma wani sinadari da ake kira naitirait, shi kuma jini yake hana ɗaukar iska. Idan ka buɗe kunnen kifin da ke gab da mutuwa ka ga ya koma ruwan ƙasa maimakon ja jawur, ka zarge shi. Nawa haka suke.

Tarwaɗa tana yaudarar mutum, don tana iya hawowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa muke cewa ba ta mutuwa da wuri. Amma idan ka ga suna tsayawa a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, sun ƙi nutsewa, sun rage cin abinci, ruwan ne ya dame su. Ni na ga haka kwana biyu kafin mutuwar farko, na ɗauka hutawa suke.

Abin da dattijon ya sa na yi ba shi da tsada. Na tsayar da abinci kwana biyu cur. Na zubar da rabin ruwan ta ƙasa, na cika a hankali, ina barin sabon ruwan yana faɗowa daga sama yana fantsama, domin ruwan burtsatse yana fitowa ne da ƙarancin iska. Na narkar da gishiri, kilo 1 a kowace lita 1,000. Na kafa rumfar zana a kai. Cikin kwana uku mutuwar ta tsaya. Kifi 130 da ɗoriya na rasa, ga kuɗin magani a banza.

Ba ina cewa babu cuta ba. Akwai. Amma yadda mutuwar take zuwa yana ba da labari. Idan dare ɗaya suka mutu da yawa, da asuba, manya ne kan gaba, iska ce ta ƙare. Wannan ya fi kama karfasa a kududdufin ƙasa mai koren ruwa, don gansakuka da rana tana ba da iska, da dare kuma ita ma sha take yi. Idan ƙanana suka fara faɗi, suna juyi kamar sun haukace, ka nemi guba. Masu kududdufi kusa da gona, irin na wajen Gwiwa, ku kula da ruwan sama na farko bayan an yi feshi, da mai wanke injin feshi a bakin ruwa. Idan kuwa yau biyu, gobe huɗu, jibi bakwai, ga gyambo a jiki, ciki ya kumbura, gashin baki yana gutsirewa, to lokacin ne za a yi maganar ƙwayar cuta. Ko a nan ɗin ma, sau da yawa lalataccen ruwa ne ya buɗe mata ƙofa. Wanda kansa ke tsagewa kuwa, an fi danganta shi da ƙarancin bitamin C, ka duba abincinka ko ya daɗe a ajiye, ko ya yi fumfuna.

Wani abokina a Babura nasa da hunturu ya same shi. Ruwa ya yi sanyi, kifi sun rage ci, shi kuma bai rage awo ba, abincin ya taru a ƙasa ya ruɓe. Tarwaɗa ta fi son ruwa tsakanin digiri 26 zuwa 30. Da sanyi ka bari rana ta ɗaga kafin ka ciyar.

Akwai kuma waɗanda ba mutuwa suka yi ba, 'yan uwansu ne suka haɗiye su. Ka zuba 1,000 ka kwashi 700, ba ka taɓa ganin gawa ba, ka fara zargin yaran gida. Rashin ware manya daga ƙanana ne.

Idan abin ya gagara, likitan dabbobi za ka nema, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Amma kada ka kai wanda ya kwana a mace, ya riga ya fara ruɓewa, ba abin da za a gani. Mai sauran numfashi za ka ɗauka, guda uku ko huɗu, da ruwan tankin a wata kwalba daban.

Ni dai yanzu na sayi 'yar kwalbar gwajin amoniya da ma'aunin zafi, na kuma ajiye littafi a bakin tanki. Kullum ina rubuta awon abinci, ranar canjin ruwa, da adadin wanda ya mutu da lokacin da na tsince shi.