Ruwan da ke ƙaruwa kafin famfo ya kawo shi

A wata rijiyar burtsatse mai amfani da sola a Bauranya, ɓangaren Kankiya da Kusada, wani matashi mai aikin wayarin ya ɗora na'urar auna matsin ruwa a gindin tanki, domin a san yawan ruwa ba sai an hau tsani ba. Na'urar tana ba da volt 0.5 idan tanki fanko ne, ta ba da 4.5 idan ruwa ya kai mita 5. Waya ta tafi mita 30 zuwa ɗakin batir, ta shiga ADS1115 na kamfanin Texas Instruments, ɗan guntun da ke mayar da volt zuwa lamba.

Da dare lamba tana zaune daram. Amma rana na ɗagawa, famfo na tashi, sai ruwa ya yi tsalle da kusan santimita 12 a kan allo nan take. Famfo na tsayawa, ya koma.

Masu kula da rijiyar suka ce na'urar ce jabu. Aka kawo wata daga Kano, ba ta sake zani ba. Wannan zargi tun farko bai kama ba, domin ruwa ba ya hawa santimita 12 cikin ƙiftawar ido, bututu ma bai cika ba. Abin da ke saurin nan wuta ce.

Sai matashin ya hau da mitar auna wuta, ya auna na'urar a bakinta, tsakanin wayar saƙo da baƙar wayarta. Famfo ya tashi, mita ba ta motsa ba. Ya sauko ya auna a ɗakin batir, sai ga ƙarin volt 0.1. Ashe a hanya ake yin ƙarin.

Me kuma ke kan hanyar? Wata 'yar fitila ce da ya maƙala a saman tanki, wadda ke kamawa idan famfo na aiki, don mata masu ɗiban ruwa su hango daga nesa. Dabara ce mai kyau, ban ga laifinta ba. Sai dai wutar fitilar, kimanin miliamfa 100, tana dawowa ne ta baƙar wayar da na'urar ke amfani da ita. Siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.5 murabba'i tana da turjiya kusan om 1 a mita 30. Miliamfa 100 a kan om 1 shi ne volt 0.1, kuma tunda volt 4 ne ke wakiltar mita 5, wannan ƙarin daidai yake da santimita 12.5. Lissafi ya fita cif.

ADS1115 yana iya auna bambancin da ke tsakanin ƙafarsa A0 da A1, ya watsar da duk abin da suka yi tarayya a kai. Amma an ɗaure A1 da baƙar waya a nan cikin ɗaki, alhali baƙar wayar na'urar can gindin tanki ta ɗaga da volt 0.1. Kamar a auna tsayin yaro yana tsaye a kan turmi ne, a fara daga ƙasa. Ya ja sabuwar waya daga A1 har zuwa baƙar ƙafar na'urar, ya murɗe ta tare da wayar saƙo. Tsalle ya ɓace.

Yaronsa ya ce to a yanke tsohuwar baƙar wayar mana, a ba na'urar batirinta daban. Ya hana, kuma da gaskiyarsa: dole A0 da A1 su zauna tsakanin sifili da wutar da ke ciyar da guntun, in babu abin da ya haɗa ɓangarorin biyu sai su yi ta shawagi, lamba ta haukace.

Saura 'yar rawa da lamba ke yi da tsakar rana. Ragar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar tana taɓa ƙafar tanki, tana kuma ɗaure da sandar ƙasa ta ɗakin batir, hayaniyar injin famfo ta samu hanyar zagayawa. Ya raba ta da tanki, ya naɗe bakin da salatif, ya bar ta a ɗaure ta gefen ɗaki kawai.

Masu aikin sola na Kankiya da Kusada, kafin ku ɗora wa na'ura laifi ku tura kuɗin jama'a Kano, ku auna ta a bakinta, ku auna a ƙarshen waya, sannan ku duba me kuka rataya wa baƙar waya.