3.4 Rabon Kuɗi Tsakanin Mai Kaya da Dijen da Ya Tura Biki

A wannan sashe za a dubi yadda ake raba abin da aka samu idan mai kayan kiɗa ya karɓi aikin biki, sannan ya tura wani dije ya yi a madadinsa. Wannan ya fi faruwa da kaka zuwa watan Disamba, lokacin da bukukuwan Musulmi da na Kirista ke cinkushewa a garin Zuru da Dabai, har zuwa Mahuta da Ribah. Mutum ɗaya yakan karɓi biki biyu ko uku a Asabar guda, alhali ba zai iya raba kansa ba.

Kuɗin bikin iri biyu ne. Akwai jinga, watau abin da aka daidaita a kai da masu biki, wanda akan ba da kafin alƙalaminsa tun ranar ba ta zo ba. Akwai kuma liƙi, watau abin da 'yan rawa ke mannawa ko zubarwa a fili. Jinga tabbas ce. Liƙi kuwa gaibu ne, domin ya danganta ga aljihun dangin ango da kuma ko hadari zai tarwatsa taro.

A nan ne gardama take tasowa. Mai kaya yakan ce lasifika da janareta nasa ne, da sunansa aka sami aikin, idan kuma wani abu ya ƙone shi zai gyara, don haka jinga tasa ce, yaro ya ɗauki liƙi. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar jari, amma idan aka lura za a ga ta ɗora dukkan kasada a kan wanda ya kwana a tsaye. Sau da yawa ma rabin liƙin na amarya ne da ƙawayenta, sauran kuma sai an ba mai gabatarwa da 'yan dakon kaya nasu.

Makaɗan gargajiya ba haka suke yi ba. A ƙungiyar makaɗan kalangu ko ta kotso, akan tara abin da aka samu wuri ɗaya, uban kiɗi ya ɗauki kaso mafi tsoka, sannan a bi 'yan amshi da makaɗa da sanƙira gwargwadon matsayinsu. Babbar kyauta irin doki ko riga takan zama ta uban kiɗi, amma ranar samu kowa ya samu, ranar rashi kowa ya rasa. A fiƙihun Malikiyya ma, sharaɗi ne a ijara ladan aiki ya zama sananne kafin a fara, ke nan biyan ma'aikaci da liƙi kaɗai bai cika wannan sharaɗi ba.

Bugu da ƙari, shi kansa liƙin ya raunana. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙa takardun naira a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla N50,000 ko duka biyun. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, kuma lambar asusun da ake sanarwa a fili galibi ta mai kaya ce. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, sai batun wa zai sayi man janareta ya zama wani abin jayayya na daban.

A ra'ayin wannan nazari, abin da ya fi kusa da adalci shi ne a fara fitar da kuɗin mai da na mota da na dako daga jinga, a yanka wa dije ladansa tsayayye daga ragowar, sannan a raba liƙi bisa kason da aka ambata a gaban shaida kafin a ɗora kaya a mota.